Shehun Malami Ya Karɓi Lamba, Makaniki Ya Haɗa Injin

Daga Wakilinmu na Arewa, Kafanchan

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mai shayi a Agege ko Idi-Araba, ko kuwa a Sabo ta Badun, ya san fulas. Tun asuba za a ɗura masa ruwan zafi, har hantsi ya dubi ludayi ruwan nan bai huce ba. Da shi kuma matanmu suke kai wa majinyaci kunu asibiti. To, abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, mutumin da ya fara ƙago wannan kwalba ba ruwansa da shayi ko kunu. Abin da zai tsare masa sanyi yake nema, wani irin sanyi wanda in aka tsoma fure a cikinsa aka fitar, aka matsa shi, sai ya farfashe kamar busasshen ganye.

Labarin yadda Turawa suka yi tseren neman wannan sanyi yana cikin littattafan makaranta, amma sunayen shehunnan malamai kaɗai yaro zai tarar a ciki. Waɗanda suka yi waldar, suka busa gilashin, suka kwana gaban famfo, har wasu suka rasa ido, sai an tona sosai kafin a ji sunansu. Da yake masu karanta wannan shafi da yawansu da hannu suke ci, daga masu gyaran firiji sai masu walda da makanikai, kuma da yawa suna da 'ya'ya a gida da ake shawarar makarantar da za a sa su, na ga ya kamata a ba su labarin nan yadda yake.

Ina Iyakar Sanyi?

A ma'aunin zafi da ake amfani da shi a asibitocinmu, ruwa yana daskarewa a sifiri, yana tafasa a digiri 100. Firijin da ake yin ƙanƙara a ciki yakan kai digiri 18 ƙasa da sifiri. Sanyin hunturun da ke saukowa daga duwatsun Kagoro cikin watan Janairu, wanda ke hana tsofaffi fita sai rana ta ɗaga, ko sifirin ma bai kai ba. Masana kimiyya sun lissafa tun ƙarni na 19 cewa sanyi yana da ƙarshe, watau digiri 273 ƙasa da sifiri, babu sauran gaba. Zafi shi ne motsin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi kowane abu, in motsin ya yi ƙasa iyakar yadda zai iya, an kai ƙarshe ke nan.

Hanyar kusantar wannan iyaka kuwa ita ce a mai da iska ta zama ruwa. Yadda tururin tukunya ke komawa ruwa a jikin murfi, haka kowace irin iska za ta koma ruwa in ta sha sanyin da ya ishe ta. Oksijin yana zama ruwa a digiri 183 ƙasa da sifiri, naitirojin a 196, haidurojin a 253, sa'an nan hiliyam, wanda ya fi duka taurin kai, sai an kai 269.

Dabarun biyu ne, kuma dukansu mun san su a gida. Ta farko ita ce ta randa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, yana bushewa yana tafiya da zafi, na ciki ya yi sanyi. Da wannan dabara ce wani malamin makaranta a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sa maginan tukwane suka yi ta yin tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar Rolex a cikin 2000. Ta biyu kuwa kowane mai faci ya san ta: in ka kwance bakin taya iska ta fito da ƙarfi, za ka ji ta da sanyi. A matse iska da kwamfuresa, a bar zafin matsin ya huce, a sake ta ta ƙaramar kafa, sai ta sanyaya. A sa wadda ta sanyaya ta bi ta jikin bututun da sabuwa ke shigowa, a yi ta maimaitawa, sanyi na hawa kan sanyi har ta ɗiga.

A baki abin da sauƙi. Amma a irin wannan sanyi man injin yakan daskare, roba takan fashe kamar kwalba, ƙarfe ya tsuke ya bar kafa a wurin da aka liƙe. In ɗan ɗigon iskar da muke shaƙa ya saci hanya ya shiga cikin haidurojin, sai ya zama ƙanƙara ya toshe bututu, aikin wata guda ya lalace. Ga haidurojin kuma da kama wuta. Saboda haka lissafin malami komai kyansa yana kan takarda ne, sai an sami wanda hannunsa zai iya liƙe bututu siriri kamar tsinken tsintsiya ba tare da ya bar kafar da ido ba ya gani ba.

Ba mamaki ke nan da aka ga cewa na farkon wannan fage 'ya'yan maƙera ne. Michael Faraday na Ingila, wanda ya mai da iskar kulorin ruwa a cikin 1823, ɗan maƙeri ne, shi kansa kuma ɗinkin littattafai ya fara koya. Louis Cailletet na Faransa, wanda ya fara ganin hazon ruwan oksijin a ƙarshen 1877, a ma'aikatar narkar da ƙarfe ta ubansa ya tashi.

Idanu Biyu A Landan

Mai fulas ɗin da muka fara da shi sunansa James Dewar, mutumin Sikotilan, yana aiki a wata tsohuwar cibiyar kimiyya a Landan. Yana yaro ya faɗa cikin ruwan ƙanƙara, ya daɗe yana jinya, a lokacin ne ya koyi sassaƙa gogen Turawa wurin kafintan garinsu, kuma shi da kansa ya yarda cewa a nan hannunsa ya faɗa. A cikin 1892 ya fito da kwalba mai bango biyu, aka zuƙe iskar da ke tsakanin bangon, daga baya aka shafe ta da azurfa kamar madubi. Zafi ba ya samun abin da zai bi ya shiga, ba ya kuma samun hanyar fita. Ran 10 ga Mayu, 1898, ya zama mutum na farko da ya tara ruwan haidurojin a kwalba.

Amma injin da ya yi wannan aiki Robert Lennox ne ya tsara shi ya kuma haɗa, tare da wani mataimaki, John Heath. Dukansu biyu kowa ya rasa ido ɗaya a fashewar kayan aiki a wannan ɗakin gwaji. Dewar kuwa mutum ne mai zafin rai, mai ɓoye sirrin injinsa, in ya tsaya gaban manyan Landan yana nuna abin al'ajabi shi kaɗai ake tafa wa. Ya ɓata da William Ramsay, wanda ya gano hiliyam a doron ƙasa a cikin 1895 kuma ya fi kowa a Ingila sanin kansa. Daga ƙarshe har Lennox ɗin ma suka rabu. Mutum mai mataimaka biyu tak, su ma bai riƙe su da kyau ba, shi ne zai kara da ma'aikata guda.

Ko fulas ɗin ma bai ci moriyarsa ba, don bai yi masa rajista ba. Wani mai busa gilashi a Jamus, Reinhold Burger, shi ya ga cewa abin da ya tsare sanyi zai tsare zafi, ya ƙarfafa kwalbar, ya sa ta cikin gwangwani, ya yi rajista a cikin 1903, aka fara sayarwa da sunan Thermos a 1904. Dewar ya kai ƙara kotu, bai yi nasara ba. A nan dai sau ɗaya mai sana'a ya riga malami zuwa kasuwa.

Yara Masu Shuɗin Kaya

Abokin karawar Dewar yana garin Leiden a ƙasar Holan, sunansa Heike Kamerlingh Onnes. Ya zama farfesa a can a cikin 1882. Mutum ne mai raunin ƙirji, ba shi da hanzari, har Dewar ya riga shi samun ruwan haidurojin da shekara takwas. Wani ɓangare na jinkirin ba laifinsa ba ne. A cikin 1807 wani jirgin ruwa ɗauke da albarushi ya fashe a tsakiyar garin ya kashe kimanin mutum 150, kuma a kan filin da fashewar ta share aka gina ɗakin gwajin nasa. Da hukumar gari ta ji cewa farfesa yana tara iska mai fashewa a wurin, sai aka tsai da aikin sanyin tun 1895, bai sami izini ba sai 1898. Abin yabo ga Dewar, yana cikin waɗanda suka rubuto takarda suna goyon bayansa.

Abin da Onnes ya gane, wanda Dewar bai gane ba, shi ne cewa aikin nan ya fi ƙarfin mutum ɗaya da yaransa biyu, ma'aikata yake bukata. Don haka ya buɗe makarantar koyon ƙera kayan awo a cikin ɗakin gwajin nasa, aka tabbatar da ita a cikin 1901. Ana ɗaukar samari 'ya'yan talakawan gari, a ba su shuɗin kayan aiki, har mutanen Leiden suka riƙa kiransu shuɗɗan yara. Da rana suna wurin injin sassaƙa ƙarfe da wurin liƙi da wurin busa gilashi, da dare su yi karatun lissafi da zane. Abin da suke koyo da shi kuwa ba na wasa ba ne, kayan da farfesa zai yi gwaji da su gobe ne. Farfesa ya sami hannaye masu arha, wannan gaskiya ne, kada a ɓoye. Su kuma yaran suka fita da sana'ar da jami'o'i da kamfanoni suke rububi.

A kan waɗannan yara akwai mutum biyu da ya kamata mai karatu ya riƙe sunansu. Na farko Gerrit Jan Flim, wanda ya shigo wurin yana saurayi a cikin 1893 ya zama shugaban duk injunan sanyi. Shi ne mai mai da zanen farfesa ya zama tagulla da bawul da famfo. Na biyu Oskar Kesselring, Bajamushe, gwanin busa gilashi. Wanda ya taɓa ganin masagan Bida suna juya narkakken gilashi a bakin wuta zai ɗan fahimci aikinsa, sai dai shi kwalba yake busawa mai bango biyu, a sa ta cikin wata mai bango biyu, ita ma cikin wata, kowace da irin ruwan sanyin da za ta ɗauka, kuma dole a iya hango ta can ciki ta dukansu. Kuskuren kaurin gashi guda, in sanyi ya taɓa ta sai ta tsage.

Suka jera injuna kamar matakala. Ruwan iska ta farko yana ƙafewa ya sanyaya ta biyu, ta biyu ta sanyaya ta uku, kamar randa cikin randa, har a iso ga iskar da muke shaƙa, daga nan haidurojin. A cikin 1906 Leiden tana yin ruwan haidurojin lita 4 a awa guda, abin da Dewar bai taɓa kusanta ba. Saura hiliyam. Ɗan'uwan Onnes ya samo masa wani yashi mai suna monazait daga Amurka, irin wanda ake samu cikin ragowar haƙar kuza a Filato, aka yi watanni ana gasa shi ana tace iskar da ke fita, har aka tara hiliyam wajen lita 360.

Ran 10 ga Yuli, 1908, aka fara aiki da ƙarfe 6 saura kwata na safe. Tun jiya an tanadi lita 75 na ruwan iska. Da ƙarfe 1 da rabi na rana an haɗa lita 20 na ruwan haidurojin. Da ƙarfe 4 da minti 20 aka fara zagaya hiliyam cikin injin. Flim yana kan bawul-bawul, yara suna kan famfo, farfesa ko zama ya ci abinci bai yi ba, matarsa ce ta riƙa sa masa burodi a baki. Ma'aunin sanyi ya yi ta sauka, ya yi ta sauka, sai ya tsaya cik a wajen digiri 269 ƙasa da sifiri. Aka duba kwalbar Kesselring, ba a ga kome ba. Ruwan haidurojin kuma na ƙarshe aka ɗura. Wajen ƙarfe 7 da rabi na yamma wani farfesa maƙwabci, Schreinemakers, ya leƙo, ya ce ai ma'aunin yana yi kamar an tsoma shi cikin ruwa, a haska kwalbar daga ƙasa mana. Da aka haska sai ga saman ruwan ya bayyana. Ashe tsabar haskensa ce ta ɓoye shi. Duka-duka bai wuce cikin ƙaramin kofin shayi ba, kimanin mililita 60. A rahoton da Onnes ya rubuta ya ambaci Flim da suna ya gode masa, abin da ba kowane farfesa na wancan zamani yake yi ba.

Zaiba Ta Ba Da Mamaki

Bayan shekara uku aka ga amfanin wahalar. Kowace waya tana ɗan turje wa lantarkin da ke bi ta cikinta, shi ya sa wayar da aka ɗora wa kaya da yawa take zafi. Ana so a san abin da zai faru da turjiyar nan a ƙarshen sanyi. Aka zaɓi zaiba, don ita ce ƙarfen da ake iya tacewa fes. Amma zaiba ruwa ce, ta yaya za a yi waya da ita? Kesselring ne ya ja gilashi ya yi bututu siriri kamar gashi, ya lanƙwasa, aka ɗura zaibar a ciki, aka daskarar da ita a hankali don kada zaren ya tsinke. Ran 8 ga Afrilu, 1911, Onnes da Flim suna gaban injin, Cornelis Dorsman yana awon sanyi, wani saurayi Gilles Holst yana wani ɗaki can nesa da girgizar famfo yana duba allurar awon lantarki. Da sanyi ya kai, turjiyar ta ɓace gaba ɗaya. Lantarki yana wucewa ba abin da ya tare shi.

Onnes ya karɓi lambar Nobel a cikin 1913. Rahoton zaibar da sunansa kaɗai ya fita, Holst godiya kawai ya samu a ciki, ko da yake Allah ya yi masa sakayya, don a cikin 1914 kamfanin Philips ya ɗauke shi ya kafa masa sashen bincike. Dewar kuwa har ya mutu a 1923 bai sami Nobel ba.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki a labarin duka. Yadda aka yi aikin an buga shi a takarda, duniya ta karanta. Duk da haka shekara 15 cur babu inda aka iya yin ruwan hiliyam sai Leiden. Ingila da Jamus da Amurka duk suna da farfesoshi, suna da kuɗi, abin da ba su da shi Flim ne da yaransa. Sai a 1923 aka yi a Toronto ta ƙasar Kanada, shi ma sai da John McLennan ya je Leiden ya karɓo zanen injin. Haka kuma da gwamnatin Rasha ta hana Pyotr Kapitsa komawa Kambirij a cikin 1934, ta sayi kayan ɗakin gwajinsa aka kai masa Mosko, kayan kaɗai ba su wadatar ba. Sai da makanikansa biyu, Henry Pearson da Emil Laurmann, suka bi su can suka harhaɗa, suka koya wa mutanen wurin. A ƙarshen 1937 aka gano a wannan ɗaki cewa ruwan hiliyam yana iya kwarara ta kafar da ko iska da ƙyar take bi.

Mu Dawo Gida

Mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu da sanyin Holan? Ƙasar nan da nake rubutu daga cikinta, daga Kafanchan zuwa Kwoi, zuwa Zonkwa da Zangon Kataf, ta san gwanintar hannu tun kafin a san Holan. A ƙauyen Nok aka fara tono gumakan yumɓu a cikin 1928 wajen haƙar kuza. A 1943 wani akawun ma'aikatar kuza ya kai wa Bernard Fagg wani kan yumɓu da aka samu a Jama'a, bayan ya yi shekara yana korar tsuntsaye da shi a gonar doya. Fagg ya tono murahun narkar da tama a Taruga, daga baya masana daga Jamus suka tono wasu, an kuma tabbatar sun haura shekara 2,000 nesa ba kusa ba. Kafin tama ta saki ƙarfenta sai wuta ta wuce digiri 1,000, kuma mutanen nan da yumɓu da gawayi da zuga-zugi suka kai ta can, ba ma'auni sai ido da kunne. Sunan Fagg yana cikin kowane littafi. Na akawun ba a cika jin sa ba, balle na maƙeran.

Kafanchan ita kanta makanikai ne suka raya ta. Tun wajen 1927 da layin dogo daga Fatakwal ya iso nan ya rabu, ɗaya ya yi Kaduna ɗaya ya yi Jos, garin ya cika da fitoci da masu gyaran tukunyar jirgi da masu sassaƙa ƙarfe daga kowace kusurwa ta Nijeriya. A Loko yaro yakan shiga yana share-share, ya fito ya iya sassaƙa abin da ya karye a injin ba sai an jira daga Ingila ba. Wannan ita ce makarantar shuɗɗan yaranmu, ko da ba a kira ta haka ba. Da jirgin ya ja baya, makarantar ta bi shi, tsofaffin da suka san aikin kuma kullum raguwa suke yi ba tare da sun miƙa wa kowa ba.

Alhali kuwa sanyin Leiden ya riga ya iso mu. 'Yan'uwa mazauna Fatakwal sun san ma'aikatar gas ta Bonny, wadda ta fara lodin jirgi a watan Oktoba na 1999. Aikinta shi ne ta sanyaya gas zuwa digiri 162 ƙasa da sifiri ya zama ruwa, ya tsuke sau 600, a zuba a jirgi. Matakalar nan ce ta Onnes aka faɗaɗa. Na'urar hoton cikin jiki da ake kira MRI a manyan asibitoci, irin mai ƙarfin, mayen ƙarfenta waya ce marar turjiya da ke jiƙe cikin ruwan hiliyam, jikar zaibar Kesselring ke nan. In wuta ta ɗauke ta daɗe, injin da ke riƙe sanyin ya tsaya, hiliyam ya ƙafe, na'urar miliyoyi ta zama kwanta, majinyaci ya kama hanyar wani gari. A cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya, da ruwan naitirojin ake adana irin bijimai don yi wa shanu barbara ta allura, kuma tulun da ake ɗaukarsa a ciki har yau sunan Dewar yake amsawa. Ko a ƙaramin asibitin ƙauye a ƙasar Atyap ko Bajju, allurar rigakafin yara dole ta zauna tsakanin digiri 2 da 8. In firijin ya lalace, ba likita ake nema ba, kuma in mai gyara yana Kaduna ko Jos, kafin ya iso magani ya mutu.

Duk wanda ya shiga makarantun ƙasar nan ya san ɗakin da ake kulle na'urori masu tsada an lulluɓe su da leda. An yi bikin karɓarsu, an ɗauki hoto, wani ɗan abu da bai fi goro ba ya ƙone a ciki, shi ke nan. Kuɗin sayen sabuwa yana da mai sa hannu da mai kwangila, kuɗin albashin wanda zai gyara tsohuwa ba shi da gata. Masu babbar difloma sun shekara da shekaru suna kukan yadda ake fifita masu digiri a kansu wajen ɗauka da ƙarin girma. Akwai hukumar kula da ilmin fasaha a Kaduna tun 1977, akwai cibiyar ma'aikatan ɗakin gwaji a Badun wadda doka ta tabbatar a 2003, amma a idon jama'a mai shuɗin kaya har yanzu yaron mai farar riga ne.

Mu iyaye ma da namu laifin. Mutum yana Ikko yana gyaran firiji, da wannan sana'a ya gina gida a garinsu ya aurar da ƙannensa, amma in ka tambaye shi abin da ɗansa zai zama sai ya ce lauya. In aka ce a sa yaro makarantar koyon sana'a sai uwar ta ɓata rai, wai an mai da ɗanta daƙiƙi. Je ka kasuwar Panteka a Kaduna ka ga abin da samari suke ƙerawa da tarkacen ƙarfe, injin niƙa, injin casar masara, injin yanka citta. Hannun yana nan. Abin da Onnes ya ƙara wa irin wannan hannu shi ne karatun dare, watau lissafi da zane da awo, da kuma zama daki ɗaya da masu bincike, yadda farfesa zai faɗi abin da yake so makaniki ya ce masa wannan ba zai yiwu ba, ga yadda za a yi.

Kudancin Kaduna yanzu ba ta rasa makarantu ba. Akwai reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, da Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya, da sashen aikin gona na Kwalejin Nuhu Bamalli a Samarun Kataf. A cikin 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta karɓi Jami'ar Nok ta Kachia ta mai da ita jami'ar tarayya ta kimiyyar aikace-aikace. Ƙungiyoyin 'yan asalin yankin da ke Ikko da Badun da Fatakwal sukan tara kuɗi su aika gida, sukan kuma zauna da shugabannin makarantu in sun zo hutun ƙarshen shekara. Ban da tambayar yawan farfesoshin da aka ɗauka, ya kamata a wannan karon su tambaya ko akwai injin sassaƙa ƙarfe da ke aiki a harabar, wa ke riƙe da shi, a matakin albashi na nawa yake, kuma yara nawa ne ke koyo a ƙarƙashinsa. Makarantar da Onnes ya kafa a Leiden tana nan har yanzu, ta wuce shekara 120, tana ɗaukar yaran da suka gama ƙaramar sakandare tana koya musu aikin ƙarfe da na gilashi.